Jar Saniyar Marayu

Ishbel ta dire bokitin madara da ƙarfi har madarar ta fantsama cikin murhu. Yanzun nan Kirsty, uwar saurayinta Murdo, ta fita daga gidansu tana yatsina. Magana ɗaya ta kawo: babu aure sai da tocher, wato dukiyar da amarya ke shiga gidan miji da ita. Har da iyayi, wai kalmar ma daga Gaelic aka gado ta, harshen kakanni, ba a kan ɗanta za a fara karya al'ada ba.

To me gare su? Tun da teku ta ci mahaifin Ishbel, wata jar saniya kaɗai ke riƙe da uwarta da ƙannenta uku. Kirsty kuwa garkenta cike yake, amma idonta na kan ta marayu. Kai, wasu ba su da ta ido!

Murdo ne ya fi ƙona mata rai. Ta same shi a bakin ruwa yana ɗinkin raga, ta zazzage masa tas.

"Ka yarda a raba yara da madara ana tsakiyar hunturu? Ashe saniya kake so, ba ni ba."

"Na yarda," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba. "Ki dai yi haƙuri da ni."

Ta rantse ta fasa auren. Uwarta ce ta zaunar da ita, ta ce yaron nan tun yana rarrafe ta san shi, bai taɓa cin amana ba. Da hannunta uwar ta ɗaura wa saniyar igiya tana hawaye, aka kai ta garken Kirsty. Aka sha biki, amarya fuska a murtuke.

Washegari da safe Ishbel ta hango Murdo yana kwance saniyar. Kirsty ta fito a guje.

"Ina za ka kai min saniya?"

"Inna, ke kika kira al'ada. A al'ada tocher na miji ne. Tawa ce, kuma a gidan surukata nake so a riƙa tatsarta."

Kirsty ta yi ta bambami har muryarta ta dushe, maƙwabta na ƙunshe dariya. Ishbel ta bi shi da gudu, ta ɗaka masa duka a kafaɗa, don me bai gaya mata ba? Ya ce fuskarta ba ta iya ɓoye komai, da Inna ta gano.

Ranar ƙannenta suka sha kunu da madara. Mai kwaɗayi ya riƙa tunawa, al'adar da ya ɗauko don ya cuci wani tana iya juyowa kansa, mai haƙuri kuma ba ya taɓewa.