Koma Haka Nan

Ku matso kusa, ba zan ɗaga murya ba. Walida, kife wayar nan, haskenta na shiga min ido. Kai kuma Sagir, in ka san za ka jiƙa katifa, tashi tun yanzu, kada gobe a ce Yaya Barira ce ta tsorata ka.

Kun daɗe kuna damuna da tambayar abin da ya sami ƙanena, Yaya Nafi'unku. Kuna ganinsa a ɗakin baya, zaune a bakin gado, ba ya magana, ƙafafunsa na taka ƙasa ɗaya bayan ɗaya. An ce muku karatun likita ne ya taɓa masa kai. To, ba karatu ba ne. Ina wurin aka yi. Kuma da bakina aka yi.

Shekara shida ke nan. Muna ƙasar Poland mu biyu, ni ina karatun jinya, shi yana shekararsa ta huɗu. Nafi'u akwai son yawo. Ana gama jarabawa ya zo ya tsaya min a kai, wai ya samo wani ƙauye a bakin tafki, sai mun je mun sha iska. Sunan ƙauyen? Bari, Walida, harshenki zai karye.

Mun sauka a gidan wata dattijuwa mai ba da hayar ɗakuna, Pani Danuta. Pani ɗin kamar a ce Hajiya ne a nan. Kwana biyu muka yi cikin daɗi, wallahi. Muka hayi kekuna muka zaga daji, itatuwa dogaye, ga ƙamshi. Muka ga wata tsohuwar coci ta katako zalla. Muka shiga ɗan kwale-kwale na mutum biyu, ina ihu yana watsa min ruwa da gangan. A kan kusan kowane turken lantarki kuwa akwai sheƙar wasu manyan shamuwa farare. Pani Danuta ta ce idan sanyi ya zo ƙasashenmu suke tafiya. Tun daga nan Nafi'u ya mayar da su 'yan gida. In ya wuce sai ya ɗaga musu hannu ya ce, "Mutanen Malumfashi, kun baro su Umma lafiya?"

Ranar farko ta nuna mana wata tsohuwar gadar katako da ta shiga cikin tafkin, can ƙarshen ƙauye inda ciyawar ruwa ta fi mutum tsawo. Ta ce kada mu je can da yamma. Ni yarensu na asibiti na iya, ina ke ciwo, buɗe baki. Na ɗauka sauro take nufi.

Kun san yadda ake kora ku gida da magariba. A nan minti nawa ne? Kafin a idar da salla duhu ya rufe. To, a can, a watan Yuni, rana sai ta faɗi amma duhu ya ƙi zuwa. Magaribar sai ta yi ta ja, kusan awa biyu, gari ba haske ba duhu. Duk abin da ke fita a wannan lokacin, a can ba ya gaggawar komawa. Ban yi wannan tunanin ba sai daga baya.

Rana ta uku muka tafi gadar, wai za mu ɗauki hoto. Iska ta tsaya cak. Kwaɗin da ke ta kuka suka yi shiru.

Akwai mutum zaune a ƙarshen gadar. Tsohon Bature, ya ba mu baya, yana riƙe da sandar kamun kifi. Sandar ba zare. Na gani, na ce a raina tsufa ne. Yana sanye da dogon takalmin roba, ruwa na malalowa daga bakin takalmin, yana ta zuba, ba ya ƙarewa. Wannan ma na gani.

Ba mu ce komai ba tukuna. Bai juyo ba. Sai muka ji ya ce, "Lafiya lau."

Muka dubi juna.

"Ba gajiya," ya ce. "Sai alheri."

Da Hausa, Sagir. Hausar tsofaffin Katsina, irin ta kakarmu. Amsar ce ta riga gaisuwar. Nafi'u ya tuntsire da dariya, ya durƙusa ya ce, "Ina wuni, Baba? Ina gajiya? Ina labari?" Ya cike masa guraben.

Sai tsohon ya juyo. Fuska ce kamar ta kowa. Amma in ya yi magana, muryar ke fara isowa, sannan leɓen ya motsa.

Za ku ce me ya hana mu gudu. Ba ku san kewar gida ba, shi ya sa. Shekara huɗu ba wani baƙo da ya taɓa ce mana sannu da harshenmu. Ni hawaye ma na yi, don daɗi. Muka zauna kusa da shi kamar mun ga kawunmu.

"Baba, ina ka koyi Hausa haka?" in ji Nafi'u.

Ya nuna sheƙar shamuwa da ke kan turken lantarki da sandarsa. "Su ke kawo min. Duk shekara kaɗan."

"Ai ka iya sosai."

"Da saura. Akwai abin da ba su kawo ba tukuna."

Muka yi dariya. Shi bai yi ba.

Can ya miƙe. Katakon bai yi ƙara ba. Ya ce, "Ni zan wuce gida."

Nafi'u na duba hotuna a wayarsa. Ya ce, "To Baba, mu kwana lafiya," bai ko tashi ba.

Ga inda na kashe kaina. Na mintsine shi a cinya. Na ce, "Haba Nafi'u, ina tarbiyyar da Umma ta ba ka? Dattijo zai tafi kana zaune? Taka masa mana."

Ya sosa wurin, ya harare ni cikin wasa, ya miƙa min wayar. Ya ce, "Bari in taka maka, Baba."

Tsohon ya tsaya. Ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, "Madalla." Wannan karon leɓen bai motsa ba sam.

Suka sauka daga gadar, suka kama wata 'yar siririyar hanya cikin ciyawa. Ina zaune ina kallonsu. Kun san yadda rakiya take. Taku goma, ashirin, sai baƙo ya juyo ya ce, "Koma haka nan, na gode." Ko yaro ya san wannan. Mai rakiya ba ya juyawa da kansa, sai an sallame shi.

Na ƙirga ashirin. Na ƙirga hamsin. Tsohon bai juyo ba.

Hanyar ta gangara. Na ga ruwa a idon sawun Nafi'u. Na ga ruwa a gwiwarsa.

"Nafi'u!"

Bai waiwayo ba.

Ban san yadda na isa ba. Ruwan sanyi kamar ƙanƙara, ya kai min ƙirji. Na cafki wuyan rigarsa ina ja, yana ja. Allah Ya kawo wasu maza biyu a kan kekuna, suka ji ihuna, mu uku muka fito da shi. Na ɗora kansa a cinyata. Yana numfashi, idonsa a buɗe. Na ce alhamdu lillahi, ya tsira.

Sai na ɗaga kai. Tsohon yana can yana tafiya, ruwa ya kai masa kafaɗa. Ya karkata kai gefen hagu yana hira, alhali ba kowa a gefen. Daga can tsakiyar tafkin na ji an amsa masa, "Haka ne, Baba."

Muryar Nafi'u ce. Bakinsa kuwa yana kan cinyata, a rufe. Na duba ƙafafunsa. Suna takawa.

Walida, sakar min hannu, kin ƙanƙame ni.

Da muka koma, Pani Danuta ta sa aka kira jikarta mai jin Turanci don in gane da kyau. Dattijuwar ta ce tun zamanin kakarta ake ganin mutumin nan. Kullum yana cewa zai tafi gida, kullum yana tsayawa yana jira. Su 'yan ƙauyen in sun haɗu da shi sai su ce sai da safe, su juya. Ba wanda ya taɓa binsa ko taku ɗaya. Ta riƙe fuskata da hannu biyu tana kuka, ta ce, "Me ya sa ya bi shi?"

Na ce, "Ladabi ne a wurinmu."

Asibitin can sun yi duk hoton da ake yi, ba su ga komai ba. Muka dawo da shi gida. An yi ruƙiyya, an yi rubutu, an yi hayaƙi, Abba ya sayar da gonarsa ta bakin hanya. Wani tsohon malami daga Ƙanƙara ne kaɗai ya faɗa mana gaskiya. Ya dubi ƙafafun, ya ce wa Umma, "Hajiya, ba wanda ya shiga jikin yaron nan, balle in fitar. Shi ne ya fita. Rakiya ya tafi, sai wanda ya raka ya sallame shi."

A wurin na tuna. Akwai abin da ba su kawo ba tukuna. Tsohon ya iya gaisuwa, ya iya hira, ya iya madalla. Kalma ukun nan ne bai da su.

Sau biyu ina komawa ƙauyen. Na tsaya a ƙarshen gadar ni kaɗai tun faɗuwar rana har duhu, ina ihu, "Koma haka nan! Haka ake cewa! Koma haka nan!" Ba kowa. Tun ranar ba a sake ganinsa ba. Ai ya sami ɗan rakiya, me zai zauna yi? Yanzu yara na wanka a wurin. Wani tsoho ma har hannu ya miƙo min yana godiya. Na ji kamar in shaƙe shi.

Na bi turakun lantarki ɗaya bayan ɗaya ina faɗa wa tsuntsayen. A nan gida ma, da damina, in na ga shamuwa a kan tsamiya sai in tsaya in faɗa mata. Kun sha ganina, na san kuna dariya a ɓoye. Bara wani malamin jami'a ya ce min namu na nan baƙaƙe ba sa zuwa Turai, ba irinsu ɗaya ba. Ban daina ba. Me zan yi in na daina?

Umma kuwa, Gwaggonku, duk magariba sai ta durƙusa gabansa da tawul. Tafin ƙafarsa kullum a jiƙe yake, ya yi yaushi kamar hannun mai wanki. Ta goge, ta ce, "Koma haka nan, Nafi'u, na gode." Ta san ba ita ya raka ba. Ba ta taɓa ce min ke kika sa shi ba, ko sau ɗaya. Da ta faɗa da na fi samun sauƙi.

Me ya sa nake ba ku labarin yau? Saboda shekaranjiya ya yi magana.

Ina ba shi kunu. Ya ɗago, ya dube ni sosai, irin kallon da. Ya ce, "Yaya Barira."

Cokalin ya faɗi. Na ce, "Na'am, Nafi'u, ga ni."

Ya ce, "Ya ce mun kusa."

Ban gaya wa Umma ba. Ku ma kada ku gaya mata.

Ku ji da kyau. In Allah Ya kai ɗayanku can, ko wani bakin ruwa inda magariba ke daɗewa, kada ya bi hanyar ciyawa shi kaɗai. In baƙo ya amsa gaisuwar da ba ku yi masa ba, ku juya, a ce ba ku da kunya. In kuma wani ya taka muku, ku sallame shi da wuri.

Yi shiru, Sagir. Kun ji takun ta bango? Da, sauri yake yi. Tun shekaranjiya yake raguwa.

Ku tashi ku kwanta. A'a, ba zan raka kowa ba, ga tocila nan ku ɗauka. Miƙo min tawul ɗin can, Walida. Na ce wa Umma ta huta yau. In ƙafafun za su tsaya, ina so su tsaya a hannuna.