Matar Da Ke Jikin Bangon Laburare

"Mma, me ya sa Kawu Sha'aban ya zana ki a bango, bai zana maman kowa ba?"

Fadilatu ce ta jefo min tambayar, da ƙarfi kuma, a gaban matan da ke layin sayen koko. Saura kaɗan ludayi ya suɓuce min. Na ce ta ɗauki jaka ta wuce makaranta, amma ina, an riga an ji. Anti Safiatu mai sayar da burodi har da gyara tsayuwa, wai ita tun jiya ta gani, ta yi shiru ne don ba ta son gulma kraa, ko kaɗan.

Teburina yana jikin laburaren unguwarmu, nan cikin Zongo. Da kwamiti ya ce a ƙawata bangon waje don yara su riƙa sha'awar shiga, malamai sun sa sharaɗi ɗaya: ban da fuskar mutum. Sai aka ɗauko Sha'aban, mai rubuta allunan shaguna a unguwar Krofrom, ya zana kowa ta baya. Ga masu goro da huhunansu, ga tela a kan keke, ga yara sun kewaye littafi. Duk ƙeya kake gani.

Shi a zatonsa ƙeya ba ta da suna. Ya manta a Zongo muke, inda tun daga ƙarshen lungu ake gane mutum da tafiyarsa.

Da na tattara kaya na je na duba. Mace ce zaune a benci ta ɗan karkace, mayafi ɗaure a ƙugu, yarinya ta jingina da kafaɗarta. Tana nuna mata layi a littafi da hannun hagu. Ni bahaguwa ce. Koko da hannun dama nake zubawa, don babu mai karɓar abinci daga hagu a garin nan, amma in na zauna koya wa 'yata karatu da la'asar, hagun ke fitowa. Wanda ya lura da wannan ya daɗe yana kallona.

Zuciyata ta yi wani irin sanyi mai daɗi. Kafin na isa gida sanyin ya koma tsoro.

Tun rasuwar Hussein, baban Fadilatu, mahaifiyarsa Hajiya Mamuna ta bar min yarinyar. Amma kowa ya san al'adar gidansu: ranar da uwa ta sake aure, ɗa ya koma dangin uba. Asokore Mampong, inda Hajiya take, ba nisa, motar trotro ɗaya ce. To wa zai tuna tana tari in ta sha ruwan sanyi? Wa zai san ba ta cin tuwo sai an bari ya huce? Hajiya ba ta taɓa furta min maganar ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Kawai duk wanda ya zo da zancen aure, tun daga ƙofa nake sallamarsa.

Washegari na sami Sha'aban a kan tsani, rigarsa duk fenti.

"Malam Sha'aban, ka goge ni."

"Babu fuska fa, Maman Fadila..."

"Yarinya ƙarama ta gane ni. Hajiya ce ba za ta gane ba?"

Ya sauko a hankali. Ya ce wallahi bai yi don ya tona ni ba, uwa da ɗa aka ce ya zana, da ya ɗaga burushi kuma babu uwar da ta zo masa sai ni. Ya ce ya daɗe yana son turo manyansa, ganin yadda nake korar mutane ne ya hana shi.

"Ina son ki, Azaratu. Ke da ita nake so, ba ke kaɗai ba."

Na sunkuyar da kai. Na gaya masa gaskiya, cewa ni ma ba dutse ba ce, amma in aka ajiye min shi da Fadilatu aka ce in zaɓa, ko kallonsa ba zan yi ba. Ya yi murmushi idonsa jajur, ya ce da zan zaɓi wani abu daban, da ba ni ya zana ba. Sannan ya buɗe gwangwanin farin fenti.

Ashe hoton bangon ya riga ya isa wayar Hajiya tun kafin a goge. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga ta da sandarta. Na gaishe ta har ƙasa, ta amsa a gajarce, ta kama hannun jikarta suka nufi bangon. Na bi su a baya.

Yarinyar zanen tana nan da littafinta, ta karkata, ta jingina da wani farin fili.

"Ni ce nan, Kaka," in ji Fadilatu. "Da Mma tana wajen, sai aka goge ta."

Hajiya ta daɗe tana kallo. Ta tambaya wa ya sa aka goge, na ce ni ce.

"Saboda ni?"

Hawaye ya amsa mata.

"Azaratu, ina ƙarama kamar wannan aka raba ni da uwata, daga Dosso aka kawo ni garin nan. Har ta rasu ban ƙara kwana a ɗakinta ba. Kin taɓa ji na ce zan yi wa jikata haka? Da kin zo kin tambaye ni..."

Ta juya ta ɗaga sanda wajen Sha'aban, wanda ya rakuɓe bayan tsani kamar ɓarawon kaza.

"Kai mai fenti, ka bar yarinya jingine da iska, faɗuwa za ta yi. Mayar mata da uwarta. In ka gama ka turo manyanka da goro. Gidana za su zo, ni ce uwar Azaratu."

Sharaɗinta biyu ne: Fadilatu ta riƙa zuwa mata hutun makaranta, kuma sunan babanta ya zauna yadda yake. Kawunan Hussein sun ɗan yi gunaguni, ta ce duk mai magana ya zo ya same ta. Babu wanda ya zo.

Bayan babbar Sallah aka ɗaura. Yanzu a Krofrom muke mu uku, kullum da safe shi ke ɗauko min tukunya har bakin laburare, yana ce min "sanyin idona" a gaban mutane ko kunya babu. Fadilatu kuwa ta hana littafin yara ko ɗaya ya huta a kan kantar laburaren.

'Yar'uwa, ki ji ni da kyau. Kada ki yanke wa zuciyar surukarki hukunci kina zaune a ɗakinki. Ki shiga mota ki je, ki durƙusa ki tambaya, ko da amsar za ta yi ciwo. Ni na ci sa'a, a fenti tsorona ya tsaya. Ke ba ki san abin da naki zai goge ba.