Fiton Makiyayin da Ya Rasu

Ko zan yi ta rantsuwa har maƙogwarona ya bushe, na san ba za ku yarda ba. Ku dai saurara.

A duk unguwar Bolori ba a yi shaƙiyyi kamar Garzali ba. Yana aji huɗu na sakandare ya ajiye biro, wai malamai sun ƙarar da abin koya masa. Shi ne ya tsinci wani kare a bayan Kasuwar Shanu, ƙafa a karye, yana kwance inda tirela ta kwashe garken ubangidansa. Ubangidan, wani tsohon makiyayi ɗan Shuwa, ya rasu a kasuwar. Garzali ya ɗaure ƙafar, ya raɗa wa karen suna Guguwa. Wani mahauci kuma ya koya masa fiton da marigayin ke kiran dabbobinsa da shi: dogo biyu, gajere ɗaya.

Da ƙafa ta warke, unguwa ta shiga uku. Guguwa ya tara awakin mutane a lungu guda, ya tara kaji, har masu tallar ƙosai sai da ya kaɗa su layi. Kullum da magariba kuma sai ya fita fili yana zagaye inda babu komai, yana haushi.

Da ƙorafi ya yi yawa, Garzali ya mai da nema wa karen gida abin wasa. Ya ba Peter mai faci shi kyauta, magariba na yi ya laɓe bayan katanga ya yi fito, kare ya dawo. Ya ba Ya'akubu mai gadi, haka. Majalisa ta yi ta dariya, har ranar da mai gidan haya ya ce, "In na sake ganin karen nan, maganin ɓera zan zuba masa a tuwo."

Saura mutum ɗaya: Mama Salomi, tsohuwar malamar firamare mai kiwon awaki a ƙarshen gari.

"Na ji labarinka, ɗana," in ji ta. "Wurin Peter nake gyara taya. Ka rantse ba za ka kira shi ba."

"Haba Mama! Wallahi na daina."

Ta ɗaure Guguwa a gindin bishiyar dogon yaro don ya saba. Karen ya lashi hannun Garzali, ya kwanta.

Rana ta faɗi Garzali na kan hanyar komawa gida. Ba Keke Napep, ba mutum, sai yashi da kiran salla daga nesa. Bakinsa ya soma ƙaiƙayi. Sau ɗaya kawai, ya ce a ransa, don majalisa ta samu na dariya.

Dogo biyu, gajere ɗaya.

Tsuntsaye suka yi tsit.

Wari ne ya fara isowa. Ɗanyen kashin shanu, da hayaƙin ruga, da madara mai ɗumi. Ya waiga. Fili fetal.

Sai ƙarar kofato. Ɗaya. Goma. Ba iyaka. Yashi na lotsawa a gabansa, sawu na fitowa, babu ƙafa.

Ya juya zai gudu, ƙirjinsa ya daki wani abu mai gashi, mai zafi. Abin ya hura masa numfashi a fuska. Tsinin ƙaho ya taɓa haƙarƙarinsa.

A nan ya gane abin da Guguwa ke zagayewa kullum: garken marigayin ne. Duk fiton da ya yi a baya, karen ne ke riga su isowa. Yau kare na ɗaure.

Da'irar ta matse. Ya nemi addu'a, harshe ya ƙi.

Wata tsohuwar murya ta yi raɗa a bayan kunnensa.

"Wa ya ba ka kirana?"

Ƙaho ya ƙara shiga.

"Ka kira. To ka kora mu tafi."

Haushi ya tsaga filin. Guguwa ne, guntuwar igiya na ja a ƙasa, wuya duk jini. Ya kutsa, ya ciji iska, ya zagaya, ya sake zagayawa. Sawun ya juya gabas, yana nisa, har warin ya ɗauke.

Garzali ya durƙusa ya miƙa hannu. "Guguwa. Zo, abokina."

Karen ya tsaya yana haki. Ya dube shi, dubawa mai tsawo. Sai ya wuce ta gefensa, ya je ya zauna a ƙafar Mama Salomi, wadda ta biyo bayansa, tana tsaye da sauran igiyar a hannu.

"Da bakinka ka rantse," ta ce. "Dubi wuyansa."

"Mama, shanu ne... ba ki ga..."

"Sawu na gani. Tashi. Daga gobe kai ne mai ɗebo wa awakina ruwa, har ciwon nan ya warke."

Ciwo ya warke tun bara. Garzali na nan yana jan jarkar ruwa har yau. Ko ya tura leɓe iska kawai ke fita, fito ya ƙi. Kullum yakan ajiye wa Guguwa ƙashi a bakin ƙofa. Sai Mama Salomi ta ɗauka ta miƙa da hannunta sannan karen ke ci.