Hoton da Tsintsiya Ta Share

"Ka gani?"

"Na gani mana, ranki ya daɗe! Wallahi kowa ya gani..."

"Ban tambayi kowa ba. Wane ɓangare na faɗa? Dama ko hagu?"

A hankali idon Ƙyas ya fara zamewa zuwa allon kyamarar da ke rataye a wuyansa.

"Kada ka duba!"

A bakin filin ƙwallon ma'aikata suke, ranar Laraba da yamma. Gola ta tare fenariti a mintin ƙarshe, ƙungiyar matan ofishinsu ta ci kofi, har manaja mai tumbi ya yi tsallen da ya kwana uku yana jinya. Ƙyas kuwa ya ɗauki hoto arba'in da biyu na wannan daƙiƙa ɗaya, amma ko a wuya aka ɗora masa wuƙa ba zai iya cewa ga inda ta faɗa ba.

"Hagu?" ya ce a hankali.

"Ban faɗi ba sam. A tsaye na kama ta."

Sunan Ƙyas a ofis aka laƙaba masa, saboda kafin ka ji sallamarsa ka ji ƙarar kyamararsa. Daga Litinin zuwa Juma'a manhaja yake rubutawa a hawa na uku. Asabar da Lahadi kuwa duk inda aka buga ganga ko aka buga ƙwallo, yana nan tsugune a gaba, ido ɗaya a rufe. Irinmu da gwiwa ke ƙara idan mun miƙe sai dai mu yi masa fatan alheri daga kujera.

Ita Gola a hawa na biyu take, sashen ceto bayanai, inda mutane ke kawo matattun wayoyi da kwamfutoci suna hawaye. Wata uku ke nan da ya ce mata yana son ya aure ta, wata uku ke nan tana cewa ya dakata.

"Hotona nawa ke cikin kwamfutarka?"

"Dubu goma sha ɗaya da... da 'yan kai."

"Dubu goma sha ɗaya! Amma ban taɓa ɗaga ido na ga naka idon ba, sai baƙin gilashi." Ta zare safar hannunta, ta ciro tikiti daga jaka ta miƙa masa. "Wasan kiɗa, Asabar, ƙarfe huɗu da rabi, babban zaure. Ka zo da idanunka biyu. Daga nan zan ba ka amsarka."

"Kyamara fa, zuciyata?"

"Idan na gan ta a wuyanka, ita za ka aura. Allah ya ba ku zaman lafiya!"

Ranar Juma'a Yaya, babbar 'yar'uwarsa, ta kira shi. An sa ta aikin ƙarshen mako a asibiti, don haka shi zai zauna da Baba.

Baba ya shekara talatin da ɗaya yana da shagon hoto, zamanin fim mai ɗaukar hoto talatin da shida kacal. Hawan jinin ido ne ya rufe shagon. Yanzu haske da inuwa kawai yake rarrabewa, amma kunnensa, in allura ta faɗi a ɗaki na uku sai ya ce a ɗauke kada wani ya taka.

"Injiniya," in ji Baba ranar Asabar, "tun safe kake zarya kamar kaza za ta yi ƙwai. Mene ne?"

"Babu komai, Baba."

"Babu komai ne ya sa ka goge riga sau biyu? Ina jin ƙaurin."

Dole ya zauna ya zayyane masa komai, har da zancen auren kyamara. Baba ya yi dariya har da tari.

"Yarinyar nan tana da hankali. Nemo min tikiti, zan bi ka."

"Baba! Wa ya taɓa zuwa wajen budurwa da mahaifinsa?"

"Kai ne na farko, ka yi alfahari. Kuma ka miƙo min kyamarar."

"Ai an hana..."

"Kai aka hana. Ni wa ya hana ni? Ka cire mata duk wannan wayon nata, ka bar min ita yadda in na danna za ta yi abin da na ce."

Haka Gola ta hango su a ƙofar zaure: Ƙyas da wuya fayau kamar an yi masa fashi, riƙe da hannun wani dattijo mai baƙin tabarau da kyamara a ƙirji. Ta rusuna.

"Ina wuni, Baba?"

"Lafiya lau, 'yata. Ke ce mai tsaron gidan? Ki ci gaba da tsarewa, kada ki bari wannan ya shiga da sauƙi."

Ta rufe baki da gefen gyale. Ƙyas ya roƙi ƙasa ta tsage.

Da yake a makare aka sayi tikitin Baba, kujerarsa ta faɗo a layin gabansu, daidai inda Ƙyas zai iya dafa kafaɗarsa. Aka rage fitilu. Makaɗa goma sha biyu suka fito, sai wata tsohuwar mawaƙiya 'yar ƙarama, mai tafiya da sanda.

Rabin awar farko azaba ce. Ƙyas bai san inda zai ajiye hannuwansa ba. Haske ya faɗo kan mai jita, yatsan Ƙyas ya danna cinyarsa kamar maɓallin kyamara. Mai ganga ya ɗaga hannu, yatsan ya sake dannawa. Idonsa kuwa sai komawa yake kan igiyar da ke wuyan Baba, kamar mai azumi da tulun ruwa.

Can sai tsohuwar ta ɗaga sandarta. Kiɗa ya tsaya cak.

Ta fara waƙa ita kaɗai, ba ganga ba jita. Muryar ta fito siririya, tana rawa, har ka ce za ta tsinke. Ba ta tsinke ba. Ta yi ta hawa, tana faɗi, har ta cika zauren tun daga ƙasa zuwa rufi. Daga baya can wani ya karɓa, sai wani, sai layi guda, kafin ka ce me mutum dubu biyu suna rerawa a hankali kamar masu lallashin jariri ɗaya.

Tsigar jikin Ƙyas ta tashi. Ya je wasan kiɗa ya fi ɗari, ashe bai taɓa zama a cikin ko ɗaya ba. Ya juya don ya ce wa Gola wani abu, maganar ta maƙale.

Idonta na kan tsohuwar. Hawaye na bin kumatunta, tana dariya, leɓenta na bin waƙar ba sauti. Akwai ɗan tabo a gefen girarta da bai taɓa lura da shi ba, shi da yake da hotonta dubu goma sha ɗaya. Ya manta da yatsansa. Ya manta da zauren. Bai san tsawon lokacin da ya ɗauka a haka ba, sai da tafi ya ɓarke, ita ta waigo, shi kuma kunya ta sa ya yi sauri ya mai da ido gaba.

A waje, rana na shirin faɗuwa, Baba ya miƙa masa kyamarar.

"Na ɗauki ɗaya. Ka wanko min."

Ƙyas bai ma ji sosai ba, Gola yake kallo.

"Ka yi ƙoƙari," ta ce, muryarta a sanyaye. "Amma duk sanda na waigo, wuyan Baba kake kallo."

"Wallahi na kalle ki! Na..."

"Yaushe?"

Ba ta jira amsa ba. Ta yi wa Baba sallama cikin ladabi, ta tari mota ta tafi, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

To, akwai wata manhaja da Ƙyas ya rubuta da hannunsa, wadda yake ji da ita fiye da takardar digirinsa. Tsintsiya ya sa mata suna. Da ka sa katin kyamara a kwamfuta, sai ta zaɓi hotunan da suka fito tas ta adana, ta share duk wanda ya yi dishi-dishi, ta goge katin ƙal don aikin gobe. Da suka isa gida, hannunsa ya yi abin da ya saba kullum, kansa na wani wuri.

Washegari Yaya ta dawo da sassafe, shi kuma ya tafi tseren keke don ya rage zafin zuciya. Ya ɗauki hoto sittin ke nan wayarsa ta yi ƙara.

"Injiniya, ina hotona?"

Sai a lokacin ya tuna da katin. Ya buɗe rahoton Tsintsiya a waya. An karɓi hoto ɗaya. An adana sifili. An share ɗaya.

Shekara shida rabon Baba da ya taɓa kyamara. Kuma da wuya ya sake.

Ya kira Gola.

"In zancen jiya ne..."

"Ba shi ba ne! Hoton Baba ne... Tsintsiya ta share shi!"

"Ka sake ɗaukar wani abu da katin?"

"Sittin kawai..."

"Kawai?! Cire katin! Yanzu, ina jin ka! Kada ka hura shi, kada ka lallashe shi, ka sa a aljihu ka tafi gida. Ga ni nan."

A falon Baba ta baje kayan aikinta a kan ƙaramin tebur. Bangon cike yake da tsofaffin hotuna: amare, jarirai, 'yan makaranta da sabon aski. A tsakiya akwai na marigayiya Mama, tana kallon gefe, kamar an kira sunanta.

"Ban yi alkawari ba, Baba," in ji Gola. "In kekunan ɗanka sun hau kansa, shi ke nan."

"Ki yi abin da za ki iya, 'yata. Injiniya, wai abin naka me yake sharewa?"

"Wanda... wanda bai fito sosai ba, Baba."

"Ai da ni ma ya share ni tuntuni."

Yaya ta leƙo daga kicin ta yi wa ƙaninta wani kallo, ta koma. Layin da ke kan allo yana tafiya kamar ba ya so. Gola ta ɗaga kai ta dubi bango.

"Baba, wannan na Mama, sau nawa ka ɗauka kafin ya fito haka?"

"Sau ɗaya. Amma minti arba'in na yi ina jira, har ta ce in ban danna ba za ta koma gidan ubanta."

"To jiya fa? Yaya aka yi ka san lokacin dannawa, alhali..."

"Alhali ba na gani? Faɗi, ba zagi ba ne." Baba ya gyara zama. "Yaron nan tun yana zanen goyo bai taɓa zama shiru ba. Jiya ina jin yatsansa a bayana, ƙyas, ƙyas, a kan wando. Sai na ji ya tsaya. Na kasa kunne, na ji har numfashi ya ɗauke. Na ce to, ko ya mutu, ko ya ga wani abu. Sai na juya na danna."

Kwamfutar ta yi ƙara. Hotunan kekuna suka fara fitowa, ɗaya bayan ɗaya, har sittin. Sai na sittin da ɗaya.

Ƙasansa ya lalace, wani toka-tokan layi ya cinye shi. Sauran kuwa ya karkace, fitilun zauren sun ja dogayen zare kamar ruwan sama na zinariya, mutanen baya duk sun narke sun zama hayaƙi. A tsakiyar hayaƙin ga Gola, fuska jiƙe, tana dariya. A gefenta ga wani saurayi da hannuwansa biyu zube a cinya, baki a ɗan buɗe, yana kallonta kamar yau aka ba shi idanu.

Ba wanda ya yi magana. Yaya ta fito da ludayi a hannu ta tsaya.

"Shirun nan na alheri ne ko na makoki?" in ji Baba. "A faɗa min abin da na ɗauka mana."

"Ya yi dishi-dishi, Baba," Gola ta ce.

"Na sani. Sai me?"

"Ya karkace."

"Hannun tsoho ne. Sai me?"

"Sai... sai ɗanka. Yana kallona."

"Kamar yaya?"

Ta share ido da bayan hannu, ta dubi hoton Mama a bango, ta dubi allon. "Kamar mai shirin jira minti arba'in."

Ta juyo. Wannan karon da ta ɗaga ido, idonsa ta tarar.

"A nan kake ɓoye shi ashe?" ta ce a hankali.

"Na ce miki na kalle ki, gimbiya..."

"Ka yi shiru, kada ka ɓata." Ta rusuna gaban Baba. "Baba, in ka samu lokaci, Abbana yana gida duk ranar Lahadi da yamma."

"Yau ma ai Lahadi ce!" in ji Yaya, ta rangaɗa guɗa da ludayi a sama.

Gola ta rufe fuska tana dariya, hasken taga ya faɗo mata a gefen gira, daidai kan tabon. Hannun Ƙyas ya miƙa kan tebur da kansa, ya taɓa igiyar kyamara.

"Injiniya," in ji Baba, ko juyowa bai yi ba. "Ina jin ka."

Ƙyas ya janye hannun, ya zauna a kansa. Ya ci gaba da kallo.