Saura Ido Ɗaya

Tun da na bar makaranta ban taɓa zama wuri ɗaya ba, sai da Baba ya rasu ya bar mini shagon sassaƙarsa. Doka ɗaya ya bar mini: idon gilashi shi ake sa wa mutum-mutumi a ƙarshe, kuma ba a sa shi bayan faɗuwar rana.

Shagon ya yi mini faɗi. Don in sami abokin hira na sassaƙa wani tsoho, na zaunar da shi a benci. Kullum ina yi masa surutu, har in ce, "Kai ma ka amsa mana." Ranar da zan gama shi, ido ɗaya na sa masa, rana ta faɗi, na bar ɗayan a gwangwani.

Daren nan aka ɗauke wuta, na fita sayo kyandir. Ina dawowa na ji tafiya a bayana, ƙwas, ƙwas, kamar ana buga taɓarya a siminti.

"Ɗana, tsaya mana. Ba na gani sosai."

Wata takwas ba wanda ya ce mini ɗana. Na tsaya na kama hannunsa. Sanyi ƙalau, ga tauri, yana ƙanshin ɗanyen itace.

"Baba, ina za ka?"

"Wurinka. Ka bar aikina rabi."

Na ƙyasta ashana. A haɓarsa na ga inda gizagona ya zame, wurin da na cike da gam da garin katako. Idon gilashin ya kama hasken.

"Kai fa ka ce in amsa," in ji shi.