Murfi Biyu na Babur ɗin Ruwa

Ƙarfe goma na safiyar Asabar rahoto ya iso caji ofis: ruwa ya ci wani masunci mai suna Haliru a dam ɗin Tiga, ta wajen Rurum. Kafin Sufeto Mika'ilu ya ɗauki hularsa, har an shigo da wanda ake zargi an tura shi bayan kanta. Ishiyaku ne, yayan mamacin.

"Wa ya ce a kama shi?" Sufeto ya tambayi Saje Ɗanladi.

"Yallaɓai, Amiru ne, ɗan Honarabul. Ya ce Ishiyakun ne ya huda masa babur ɗin ruwa, har abin ya nitse."

Ran Sufeto ya ɓaci. Tun da aka dawo mulkin siyasa, yaran manya suka mayar da ofishin nan kamar zauren gidan ubansu.

Ishiyaku ya riƙe ƙarfen ƙofa. "Ranka ya daɗe, bayan azahar za a kai ƙanena. Ni kaɗai gare shi. Ku bar ni in sallace shi, in ya so ku dawo da ni."

Umarnin tsarewar daga sama ya zo, sai da hujja za a buɗe ƙofar. Sufeto ya duba agogo, ya fita.

A bakin ruwa an riga an jawo abin kan yashi. Wani abin hawa ne ja, mai gudu a kan ruwa, mai kujera da kan babur, cikinsa maƙil da ruwa. Amiru na zaune a inuwa cikin tawul yana danna waya.

"Makon jiya muka yi cacar baki da Ishiyaku, wai na yaga masa raga," in ji Amiru. "Ya rantse sai ya ga bayan mashin ɗina. To ga shi. Ina tsakiyar ruwa na ji ya yi nauyi, injin ya mutu."

"Shi Haliru fa?"

"Ya zo da kwalekwale ya ɗauke ni. Daga nan ban san me ya kai shi faɗawa ruwa ba."

Mutumin da ya cece shi ke nan, amma ko Allah ya jiƙansa bai ce ba. Sufeto ya sa aka kifa babur ɗin, ya bi cikinsa da tafin hannu daga gaba har baya. Babu sara, babu huji, ko ƙwarzane babu. Sai can ƙasan baya ya ga wasu ƙananan kafofi biyu masu zare irin na noti, a buɗe, ruwa na tsiyaya.

"Waɗannan fa?"

"Ban sani ba. Makanike za ka tambaya."

Makaniken, Jabiru, a Kibiya yake gyaran babura da injin ban-ruwa. Sufeto ya same shi ƙarfe sha biyu saura, a gindin darbejiya, ya tambaye shi zancen kafofin nan biyu.

"Magudanan ruwa ne, yallaɓai," in ji Jabiru. "In an fito daga ruwa sai a kwance murfinsu, ruwan da ya taru a ciki ya zube. Kafin a koma kuma dole a ɗaure su. In an manta, minti goma ya isa."

"Kai ka kwance?"

"Ni? Ai rabona da mashin ɗin wata guda."

"Ƙarya kake. Ga jan fentinsa nan a sifanarka."

Jabiru ya sunkuyar da kai. "Jiya na canza masa mai, a gonar su Amiru da ke Lausu. Amma wallahi murfin ba a hannuna yake ba. Amiru ba ya barin su a jiki. Ƙannensa sun taɓa yanka makulli suka hau ba da saninsa ba. Tun daga ranar, in ya gama sai ya kwance murfin ya tafi da su, don kowa ya san ba ya hawuwa a haka."

"Me ya hana ka faɗa tun farko?"

"Yallaɓai, ɗan Honarabul ne."

Sufeto ya ji kamar ya kwaɗa masa mari, amma babu lokaci.

Da ya koma bakin dam, sai wata mai soya kifi, Fanta, ta tare shi. Da safe da ya tambaye ta, ta ce ba ta ga komai ba. Yanzu idonta ya yi ja.

"Ba zan iya haɗiye wannan ba," ta ce. "Haliru ya riga ya saka Amiru a kwalekwale. Amirun ne ya dinga ihu, wai ba za a bar masa mashin a ruwa ba, Haliru ya shiga ya ɗaura igiya. Haliru ya ce abin ya cika, zai ja su ƙasa. Amiru ya zage shi, ya ce zai sa a hana su kamun kifi a dam ɗin gaba ɗaya. Haliru ya shiga. Igiyar ce ta naɗe masa ƙafa."

Sufeto ya nufi motar Amiru kai tsaye.

"Buɗe," ya ce wa Amiru.

"Ka san ko ni wane ne?"

"Na ce buɗe!"

A aljihun gaban mota, ƙarƙashin takardu da wani carbi, ga murfi biyu baƙaƙe, a bushe ƙayau. Sufeto ya ɗaura ɗaya a magudanar. Ya zauna daram.

"Ishiyaku ne ya saka su a motarka?"

Wayar ta faɗi daga hannun Amiru.

"Mantawa na yi," ya ce a hankali. "Abokaina sun zo daga Kano, ina sauri in nuna musu. Da ruwa ya fara shiga na tuna. Da na ga Haliru bai taso ba, sai na ji tsoro. Baba yana takara, in aka ji..."

"Sai ka ce a kulle ɗan'uwan wanda ya cece ka."

Sufeto da kansa ya buga masa ankwa, ya tura shi bayan mota ba tare da ya bari ya ɗauki riga ba.

Sun iso ofis biyu da rabi. Sufeto ya fizge makulli daga hannun Saje, ya buɗe ƙofar.

"Fito, Malam Ishiyaku. Shiga mota, in kai ka maƙabarta yanzu."

Ishiyaku bai motsa ba. Ya dubi Amiru da ankwa a hannu, sannan ya dubi Sufeto.

"Maƙwabcina ya zo yanzu," ya ce. "Sun jira ni har rana ta yi musu yawa. An rufe shi."