Dariyar Bayan Dutse

Itacen wuta kawai Garrett ya tashi nema, ba wani abu ba. Rana ta yi ja a kan teku, sun gama kafa tantuna biyu a kan yashi. Kwana na uku ke nan suna bin gaɓar tekun jihar Washington, a Amurka, a ƙafa: shi, da matarsa Noreen, da Lyle, abokinta tun na makaranta, wanda ya san hanyar kamar yunwar cikinsa.

Wannan sanin shi ya tsaya wa Garrett a maƙogwaro. Kwana uku ba abin da yake ji sai "Lyle ya ce." Lyle ya ce a ɗaure tanti haka. Lyle ya ce kada a bar abinci a waje. Kuma duk shirmen da Lyle ya faɗa, sai Noreen ta tuntsire da dariya har da dukan cinya, irin dariyar da Garrett ya shekara bai ji ta yi masa ba. Kishi dai, Allah ya raba mu da shi, ya ci mutumin nan har ƙashi.

"Malam, kada ka zagaya dutsen can," in ji Lyle, yana duba 'yar takardar da ke nuna lokutan cikar teku. "Saura rabin awa ruwa ya rufe hanyar. In ya rufe, sai dai kifi."

"Ka ji dai," Noreen ta ce. "Kai da ko a bahon wanka sai an riƙe ka."

Suka kwashe da dariya su biyu. Garrett ya ce, "Na ji, ranka ya daɗe." Shi ma yana da takardar a aljihu, amma bai duba ba. Duba ta ai yarda da Lyle ne.

Ya yi nisa yana tsintar itacen da ruwa ya tofo, sai hazo ya taso daga teku ya haɗiye tantunan. Yana dab da dutsen, inda dutsen ya kutsa hancinsa cikin ruwa, ya ji dariyar Noreen.

Ba daga baya ba. Daga gaba, bayan dutsen.

Ya tsaya cak. Akwai wata hanya ta sama, wadda ake hawa da igiya a sauka wancan ɓangaren. Wato ta nan suka bi, da ya juya baya? Lallai ma! Ya watsar da itacen, ya bi gindin dutsen, ruwa yana lasar takalminsa.

Can ya hango su. Suna zaune a kan wani gungume, sun ba shi baya. Jar rigar sanyin Noreen. Kanta a kafaɗar namijin.

Wurin yana warin ruɓaɓɓiyar ciyawar teku. Babu kukan tsuntsu ko ɗaya.

"Noreen," ya ce.

Dariyar ta sake tashi. Ita ce dai ta ɗazu, tsawonta ɗaya, inda ta yanke ɗazu nan ta yanke. Kafaɗun matar ko motsi ba su yi ba.

Ya dubi ƙasa. Yashin jiƙaƙƙe ne, sumul, har zuwa gungumen. Ba sawun kowa.

Ya san ya kamata ya gudu. To amma ka san mai kishi, ko wuta ce sai ya leƙa.

"Matso," aka ce da raɗa, da muryar Noreen. "Ba gani kake so ka yi ba?"

Ya matsa taku ɗaya. Ruwa a idon sawu.

"Kwana uku kana nema. Matso."

Ruwa a gwiwa, sanyinsa kamar yankan wuƙa.

Kan matar ya fara juyowa. Kan kawai. Gashin yana ɗigar ruwa, kuma inda kunne ya kamata ya kasance, wani abu ne yake motsi.

Sai ƙarar usur ta tsaga hazon daga saman dutse. Sau uku, kiran neman wanda ya ɓata. Ya waiga, igiyar ruwa ta make shi ƙasa. Ya sha gishiri, ya tashi, ya rarrafa zuwa gindin dutsen. Wani abu mai santsi ya naɗe masa ƙafa. Ya fizge, ya bar takalmin, ya cafki igiyar hawa. Hannun Lyle ne ya damƙo wuyan rigarsa ya jawo shi sama. Noreen tana gefe, usur a bakinta, tana kuka.

A ƙasa ba gungume, ba kowa, ruwa ne kawai yake tafasa.

Da safe suka katse tafiyar. Lyle bai tambayi komai ba, kuma tun daga ranar bai sake bin su ko'ina ba. A mota, bayan sun sauke shi, Noreen ta ce, "Me ya kai ka bayan dutsen nan?"

Ya gaya mata duka, bai rage ba.

"Ni ma na ji," ta ce a hankali. "Ba ka daɗe da tafiya ba na ji. Muryarka ce, kana dariya da wata mace, kana kiranta da sunan da kake kirana."

Ya ce, "To me ya sa ba ki bi ba?"

"Don na san mijina ba zai yi haka ba," ta ce. "Na ɗauka kai ma ka san matarka."